Rasuwar Dogo, Jirgin da Aka Yi wa Indararo

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da har yau ba su yarda da ƙasa ba, ni Malam Ɗantsoho na Tsamiyar Kyauta a ƙasar Gagarawa, tsohon ma'aikacin ruwa mai ritaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, har da duk wanda ya taɓa tsayar da babur a bakin titi don ya yi mini dariya, rasuwar jirgin ruwana, ɗakina kuma aminina, wanda aka fi sani da Dogo. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a kududdufin yamma da gari, cikin ruwan da bai wuce ƙugun mutum ba. Ya bar duniya yana da shekara talatin da uku. Ina zaune a cikinsa lokacin da abin ya faru.

Na je wa limaminmu, Malam Mu'azzam, da maganar ko za a tara jama'a a yi masa addu'a. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam Ɗantsoho, katako ne fa. Kai za mu yi wa addu'a." Saboda haka babu sallah a cikin wannan sanarwa, babu sadakar uku, kuma ba zan roƙa wa marigayin abin da ake roƙa wa 'yan Adam ba. Amma Liman bai hana ni faɗin halayensa na kirki ba, kuma zan faɗa ko da takardar za ta ƙare.

Bari kuma in faɗi wani abu tun da wuri, don kada masu zuwa gaisuwa su wahalar da kansu wajen raɗa a bayana. Wannan rasuwa ta bar ni babu wurin zama. Ina da gida a cikin gari, gaskiya ne, ni na sayi filinsa. Amma shekara talatin da uku ke nan ban yi kwana bakwai a jere a cikinsa ba. Ɗakin da ake cewa nawa ya zama ma'ajiyar zoɓo da riɗi tun 'yarmu Humaira tana firamare. Gidan na matata Rakiyya ne, ita ta san inda kowace allura take, ni kuwa in na je sai na yi sallama sau biyu ina jiran a ce in shigo. Tsoron komawa gidan nan nake ji. Na faɗa, kuma ga shi a rubuce.

An haifi marigayin a Yawuri, a hannun wani masassaƙi da ban taɓa gani ba amma nake gode masa kullum. Da katakon maɗaci aka yi shi. Tsawonsa ƙafa ashirin da huɗu, faɗinsa kuwa daidai kwanciyar mutum ɗaya da butarsa. Bai yi ƙuruciya ba, ana gama shi aka kawo shi wajen Haɗeja ya fara aiki a manyan hanyoyin ruwan noman rani, waɗanda muke ce wa kanal. A nan aka haɗa mu. Aikina yanke kacala, ciyawar nan mai toshe ruwa, da buɗe ƙofofin ruwa da rufe su a kan lokaci. Da na ga tafiyar ta yi yawa sai na kafa masa rumfar kwano, na shimfiɗa tabarma, na ajiye kurfoti da rediyo, na tare. Shekara ashirin da shida muka yi a kan kanal, bai taɓa kifar da ni ba, ban taɓa barinsa ya kwana da ƙishi ba.

Adalci ne in ambaci cewa ba ni kaɗai na taɓa zama a cikinsa ba. A shekararsa ta farko Rakiyya ta zo ta yi rani guda tare da ni, tana goye da Humaira. Ban taɓa ganin wanda ya iya jirgi da sauri kamarta ba. Takan ji yoyo da kunne kafin ido ya gan shi, ta ɗauko tsumma da kwalta ta toshe, ta koma kan tukunyarta. Sai mahaifiyata ta kwanta ciwo, Rakiyya ta dawo gida jinya, gida kuma ya riƙe ta. Na ce mata zan dawo in an yi mini canjin wurin aiki. Da ba a yi ba, na ce in na yi ritaya.

Ritayar ta zo. Aka yi gwanjon tsofaffin kayan aiki, kowa ya ɗauki abin da yake so, Dogo babu wanda ya ko dube shi, sai aka ce in tafi da abina. Wani direba ɗan Damagaram da ya sauke kaya zai koma Maigatari ya yarda ya ɗauko mu. Da ya ji inda za mu, sai ya cire hula ya sosa kai ya ce da Hausarsa mai gaurayen Faransanci, "Mushe, wannan bato me zai ci a can? Wajenku fa ko raƙumi da guzurin ruwansa yake zuwa." Ban damu ba, domin na riga na san da kududdufin. Masu aikin titi ne suka haƙa shi suna ɗibar marmara, suka tafi suka bar mana rami. Yana cika da damina, ya riƙe ruwa har ƙarshen sanyi.

Ranar da muka iso, garin nan kaf ya fito. Wasu suka ce kwamin shayar da raƙuma ne gwamnati ta aiko. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce wane ne ya mutu mai wannan tsawon. Rakiyya ta share gida, ta yi funkaso, ta tsaya a ƙofa da sabon mayafi. Ni kuma na ce bari in sauke Dogo a ruwa tukuna, in kwana ɗaya a cikinsa don ya saba da baƙon wuri. Daga bakin kududdufin zuwa ƙofar gidana taku ɗari huɗu ne, na sha ƙirgawa. Kwana ɗayan nan shi ne ya zama shekara bakwai.

Masu cewa marigayin ya lalace da zama a ƙasarmu ba su san shi ba. Gaskiya ne tafiya mafi nisa da ya yi a shekarunsa na ƙarshe ita ce turi shida na gorar tuƙi, daga gindin gawo zuwa wancan gefen inda shanu ke shan ruwa. Amma ya yi ta da mutunci, safe da yamma, bai taɓa nuna ya san babban ruwa ba. Da safe shi yake tashe ni da ɗan jijjigarsa, yana cewa "ƙiiƙ, ƙiiƙ" a hankali, ruwa na amsa masa ta ƙasa, "lafat, lafat." In miƙa hannu waje in yi alwala ba tare da na nemi buta ba. In na dawo daga masallaci in hura kurfoti, in ɗora shayi, in kunna rediyo in ji yadda mutanen tudu suka kwana da rigingimunsu. Akwai wani zalɓe da ya mayar da rumfar kwanon wurin tsayuwarsa. Shekara bakwai muna tare da shi, bai taɓa tambayata komai ba, ni ma haka.

In hantsi ya yi sai in ɗaure Dogo a gindin gawo in fita yawon ƙafa. Duk wanda ya zauna a jirgi ya san daɗin wannan yawo, domin mutum yakan taka ƙasa ne a matsayin baƙo, ya duba ta da kyau tunda ba tasa ba ce. Nakan bi ta gonakin gero in ɓulla burtali, in tsaya shanu su wuce, in gangara ta inda ake shuka kankana. Da kaka zoɓo yakan yi ja har ido ya gaji, ga riɗi an kafa shi tsaye yana bushewa, ga 'yan mata suna kakkaɓar magarya. Na san kowace aduwa da kowace kurna tsakaninmu da hanyar Gumel. Manoma sukan ɗago daga kunya su ce, "Sarkin Ruwa, yaya igiyar ruwa yau?" In ce da sauƙi, su fashe da dariya, wai ina tafiya ƙafa a ware kamar mai jin gonar tana tangaɗi. Ran Alhamis nakan kai bakin titi in zauna in kalli motocin shanu suna wucewa kasuwar Maigatari. A dawowa akwai wata kuka da in mutum ya tsaya a gindinta zai hango kwanon Dogo yana walƙiya, sai in ji raina ya kwanta. Hanyar tana bi ta bayan gidana. Nakan ji sautin turmi daga ciki, in rage sauri kaɗan, in wuce.

Abinci kuwa bai taɓa yanke mini ba. Rakiyya da kanta take kawowa, rana da yamma. Ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin ba tun da muka zo. Takan tsaya a bakin ruwa, ta ajiye kwano a kan wani dutse, ta ce, "Malam, ga abinci. A gai da mutanen ruwa." In turo Dogo in ɗauka in ce an gode. Wani lokaci takan ɗan daɗe a tsaye bayan na ɗauka, ni kuma na ɗauka iska take sha.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da wadatar zuci. Bai taɓa neman fetur ba, ba a taɓa tsayar da shi a shinge an ce ya kawo takardu ba. Da Sallah yakan ɗauki mata da yara kyauta, su yi ta ihu kamar an kai su teku. Ya taɓa ɗaukar Liman da kansa, wanda ya fara addu'a tun turi na farko bai sauke ba sai a na shida, ya fita ya ce a ƙasa zai zagayo. Ko da wasu 'yan siyasa suka zo lokacin kamfe suka cika shi da manyan riguna aka ɗauke su hoto, daga baya muka ga fasta a Gumel an rubuta wai an kawo wa Tsamiyar Kyauta sufurin ruwa, Dogo bai ce uffan ba. Ni ne dai na yi magana, kuma ba a saurare ni ba.

Abu ɗaya kawai yake buƙata, kuma a nan ne mutanen ƙasarmu suka kasa fahimtarsa har ya koma. Jirgin katako da ruwa yake rayuwa. In katako ya sha ruwa sai ya kumbura, kowane falanki ya matse ɗan'uwansa, babu ta inda ɗigo zai shiga. In ya bushe sai ya motse, ya buɗe baki. Saboda haka in kududdufi ya ƙafe, Dogo ya zauna a kan laka, kullum da safe nakan ɗebo bokiti goma sha biyu daga tuƙa-tuƙa in zuba masa a ciki har idon sawu, in jera falankai a sama in shimfiɗa tabarmata. Nakan kuma tone ƙasa kaɗan ta gefe ɗaya, don in na juya ya ɗan gyaɗa, domin ni barci ba ya ɗaukata a kan abin da ba ya motsi. Mutane suna gani suna cewa Ɗantsoho ya haukace, yana shayar da katako kamar san noma. Na sha yi musu bayani. A garin da ake gudun ruwa ya taɓa buhu, bayanin bai taɓa shiga ba.

Ciwon ajali ya fara ne da bazarar bana. Yanar ido ta rufe mini gani, Humaira ta matsa sai na je Kano an yi aiki, kuma ta ce ba za ta sake ni ba sai na yi kwana arba'in a gidanta. Na rasa wanda zan bar wa amana sai Ɗalha, ƙanin Rakiyya, magini ne da ake ji da shi har Sule Tankarkar. Ranar tafiya ina sauri, mota na jira, na ce masa, "Ɗalha, ga Dogo nan, ka kula mini da shi kamar ɗakinka." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan laifina ne, kuma ina so a rubuta shi a kaina.

Ɗalha mutum ne mai amana, abin da ya kashe mu ke nan. Shekara talatin yana gini, kuma duk iliminsa a kan abu ɗaya ya tsaya: ruwa abokin gabar ɗaki ne. Ya leƙa ya ga ruwa kwance a cikin ɗakin mijin yayarsa, ransa ya ɓaci. Ya kwarfe shi tas. Ya ce ɗakin da ruwa ke kwana a ciki ba shi da magudana, ya ɗauko kurfi da guduma ya huda cikin marigayin, ya lanƙwasa kwano ya sa masa indararo, mai kyau kuwa, har da 'yar kwalliya a baki. Ya kira mutum huɗu suka ɗaga shi suka ɗora a kan duwatsu yadda ake yi wa rumbu, ya zuba toka kewaye saboda gara, ya cire rumfar don rana ta shiga ta kashe danshi. Ranar bazara ta ƙasar Gumel ta yi kwana arba'in tana aikinta. Da falankai suka buɗe har ana hango akuya ta tsakaninsu, Ɗalha bai karaya ba. Ya kwaɓa siminti ya yi wa marigayin yaɓe ciki da waje, ya bi shi da farar ƙasa.

Na dawo da sabon ido. Abu na farko da na gani tangaran cikin shekara biyar shi ne Dogo a kan duwatsu, fari fat, da indararo a ciki. Wallahi na yi da-na-sanin gyaran idon. Ɗalha yana tsaye a gefe yana murmushi, ya ce, "Yaya, ka ga ɗakinka yanzu ya zama ɗaki. Ko ɗigo ba zai ƙara kwana a ciki ba." Na ɗaga gorar tuƙi, sai na tuna ƙanin mata ne, abokin wasa, in na buge shi gari zai ce wasa ne ya yi zafi, in na kai shi ƙara alƙali zai yi dariya. Na sauke gorar na zauna a ƙasa na yi kuka, mutane suka ce aikin idon ne yake sa hawaye.

An yi jinya iyakar iyawa. Na cire indararon na toshe ramin da tsumma da kwalta, na mayar masa da rumfarsa. Na yi kwana ashirin ina zuba masa ruwa, amma katakon da aka rufe wa baki da siminti ina zai sha? Ruwan yakan zauna a sama ya yi ta kallona. Duk da haka da aka yi ruwan sama uku masu ƙarfi kududdufi ya cika, na ce ran Talata za a mayar da shi gidansa, ko sanyin ruwa zai farfaɗo da shi.

Jama'a ta taru fiye da ranar da muka zo. Mutum huɗu ne suka ɗora shi a kan duwatsu, amma sai da aka nemi takwas kafin a sauke shi, saboda simintin. Na shiga na zauna, na hura kurfoti na ɗora shayi don kowa ya ga hankalina a kwance yake. Turi na farko lafiya. A na biyu ya ce "ƙiiƙ," irin muryarsa ta da, har na juyo na dubi Ɗalha da ido na nasara. A na uku na ji "ɓas," wani ɓangaren yaɓe ya ɓalle. Sai tsummar da na toshe ramin da ita ta yi tsalle ta faɗo mini a cinya, ruwa ya biyo ta. A nan zan yi wa Ɗalha adalci: ramin da ya huda yana aiki sosai, ta kowace fuska.

Marigayin bai yi gardama ba, bai kife ba, bai jefar da ni ba. Ya sauka ne a miƙe, sannu a hankali, yadda ya yi komai a rayuwarsa. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "ɓul, ɓul, ɓul." Kurfoti ya ce "cuuu" ya mutu, butar shayi ta tashi ta kama hanyar wancan gefen ita kaɗai. Ni ban tashi ba. Na ci gaba da zama a kan benci, riƙe da gora, har cikinsa ya taɓa ƙasa ruwa ya tsaya mini a wuya. Sai wani ya ce, "Sarkin Ruwa, yaya igiyar ruwa yau?" Ba zan bayyana abin da ya biyo baya ba, an ce har bakin titi an ji. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Da na fito ina ɗiga, Rakiyya ta sauke wani ƙulli daga kanta ta miƙo mini, na buɗe na ga riga da wando da hula, busassu, a goge. A lokacin godiya kawai na yi.

Marigayin ya rasu ya bar gorar tuƙi ɗaya da filafili biyu, waɗanda yanzu ba su da sana'a a faɗin ƙananan hukumomi huɗu. Ya bar ƙoƙon kwarfa, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ranar Talata. Ya bar rediyo, tana kwance cikin buhun gero ana fatan za ta farfaɗo, da butar shayi da aka tsinto washegari a wajen shanu. Ya bar zalɓen nan, wanda har yau yake zuwa ya tsaya a kan rumfar da ta rage a saman ruwa, bai ma san an yi rasuwa ba. Ya kuma bar ni, ɗan shekara sittin da bakwai, ina kwana a zauren gidana a kan tabarma, ƙasa ta ƙi motsi, ido ya ƙi rufuwa.

Da na so in rufe sanarwar nan da cewa ajali ne da jahilcin magini. Amma zaman makoki yana buɗe bakin mutane. Ran Laraba Ɗalha ya zo gaisuwa, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka yafe ni, ni ban san jirgi ba. Amma fa sai da na tambayi Yaya Rakiyya. Ita ma ta nuna mini inda zan huda, ta ce nan ne ruwa ya fi taruwa." Bai gama fita ba sai ga Ilu kafinta, da tef ɗinsa a wuya. Ya yi gaisuwa ya ce, "Malam, yaushe za a kawo katakon? Ni a shirye nake, awo na nan tun kana Kano. Inna Rakiyya ta kai ni na auna." Na tashi na shiga cikin gida, karo na farko ban yi sallama sau biyu ba, na tura ƙofar ma'ajiyar zoɓo. Babu buhu ko ɗaya. An share, an yi sabon daɓe, an rataye labule. Ashe tun bazara ta kwashe zoɓonta ta kai Maigatari, ba ta ko jira ya yi daraja ba, ita da ba ta taɓa sayarwa da wuri ba. A nan na tuna busassun kayan da aka zo da su bakin ruwa tun kafin a san za a jiƙe, na kuma tuna wace ce take jin yoyo da kunne.

Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce, "Rakiyya, ke kin san abin da rami yake yi wa jirgi." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Na kuma san zurfin kududdufin, sai da na shiga na auna da ƙafata." Ta ci gaba da tankaɗe, sannan ta ce, "Shekara ashirin da shida na ce aikin gwamnati ne, na yi shiru. Bakwai ɗin nan na wane ne? Ina kai wa mijina tuwo bakin ruwa kamar mai kiwon kada. Gwiwata ta gaji, Malam. Ni ma na gaji." Na zo da maganganu da yawa a bakina, masu zafi, na shirya su tun daga zaure. Na juya na koma zauren da su. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban ji ba ranar da gari ya yi mini dariya ina zaune a ruwa.

Saboda haka iyalan marigayin ba za su kai ƙarar kowa ba, kuma ana roƙon jama'a su daina tsokanar Ɗalha a kasuwa, ko aƙalla su rage.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ran Asabar da hantsi za a fito da marigayin daga kududdufi da shanun amalanke biyu. Ɗalha ne zai yi masa wanka, wato zai kankare simintinsa da hannunsa har sai maɗaci ya fito, kuma an hana a taya shi. Daga nan za a ɗauke shi a kafaɗa zuwa shagon Ilu, ta hanyar gonakin gero, a tsaya kaɗan a gindin kuka. Ba a buƙatar masu kuka, ba a buƙatar 'yan siyasa, mai son ɗaukar hoto ya nemi izini. Indararon za a mayar wa Ɗalha ya kafa shi a ɗakin da aka share, inda ya dace da shi tun farko.

Ba za a binne Dogo ba. Ilu zai yi gado da katakonsa, bisa awon da aka ba shi tun bazara. Ya ce an umarce shi ya rage ƙafa ɗaya da faɗin yatsa biyu, don in mutum ya juya gadon ya ɗan gyaɗa, kuma ya yi ta gardama cewa sunansa zai ɓaci aka ce ya yi abin da aka sa shi. Na tambaye shi ko katakon zai isa, tunda marigayin faɗin mutum ɗaya ne da butarsa. Ya ce sai an haɗa har da benci da filafilan, domin awon da aka ba shi na mutum biyu ne.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa daga ran Lahadi, bayan la'asar. Kada kowa ya wahalar da kansa zuwa bakin ruwa. A zo gida, a yi sallama, ina ciki.